Sassaben da Na Yi a Bakin Teku

Agadas

A Agadas muka fara sanin mun bar gida. Ni da Ishaya ne, mai walda a Sabon Gari can wajen Dogarawa, wanda muka saba tun yana gyara mana ƙafar baro da bakin garma a gonar gwaji ta Samaru. A gonar nan na yi leburanci tun ina saurayi, har aka zo rage ma'aikata aka haɗa da ni. Na haura hamsin a lokacin. Mai shekaruna bai dace ya hau bayan mota ya shiga Sahara ba, amma ina da yara a makaranta, kuma hannuna bai san komai ba sai ƙasa da shuka. Ishaya ya ce ya ji a Libiya ana neman masu aikin lambu. Na bar matata Asabe, Maman Hajara, a Hayin Dogo, na bi shi.

A tashar Agadas wani mutum ya sayar mana da jarkokin ruwa naɗe da buhu, ya rantse sababbi ne. Sai da muka yi nisa cikin rairayi muka buɗe, muka ji ashe na fetur ne aka ɗauraye. Haka muka sha, babu yadda za mu yi. Duk wanda ya yi gyatsa sai warin gidan mai ya tashi.

Ishaya ya ce, "Malam Tanimu, ka yi nesa da masu shan sigari fa. In ka kama da wuta me zan gaya wa Maman Hajara?"

Na ce, "Ka gaya mata kai ka kawo ni."

Wani tsohon Bazabarme da ke zaune kusa da mu ya ga yadda nake yamutsa fuska, ya ciro dabino da ɗan cuku daga aljihu, ya nuna mini in riƙa tauna bayan kowane kurɓi. Ban san sunansa ba har yau. In mota ta tsaya na sauka yin taimama, Ishaya ke shimfiɗa ƙafarsa a wurina don kada wani ya zauna. Shi kuma in ya sunkuyar da kai yana addu'arsa, ni ke riƙe masa jarka.

Sabha

A Sabha wani Bakano ya tare mu tun ba mu gama kakkaɓe jiki ba. Da ya ji bakinmu sai ya kwashe da dariya.

"Zage-zagi! Me ya fito da ku daga gonar rake? Ko mazarƙwaila ta ƙare ne?"

Na ce, "Mun zo duba bayinmu ne, mu ga ko kuna cin abinci."

Wannan wasa da ke tsakaninmu da Kanawa shi ya kwantar mana da hankali. Mutumin da ya zage ka irin zagin gida a ƙasar da ba ka san kowa ba, ji kake kamar ɗan ɗakinku ne. Ya kai mu masauki, ya sa aka kawo mana tuwo da miyar kuka. Na ci ina sharar ido, na ce yaji ne. Washegari ya karɓi fasfo ɗinmu, wai zai kai a buga mana hatimi. Ba mu sake ganinsa ba.

Rashin takardar nan shi ya zaɓa mana hanya. Waɗanda suka daɗe a can suka ce kada mu doshi manyan garuruwa, mu nufi gabas, inda gonaki suke kuma ba a cika tambaya ba.

Baida

Garin Baida a kan dutse yake, da sanyi kamar Jos. Ishaya bai sha wuya ba, wani mai gareji ya ga yadda yake riƙe ƙarfe ya ɗauke shi. Ni kuwa sai na shiga cikin masu zama a bakin shataletale, kowa da alamar sana'arsa a gabansa: mai fenti da buroshi, magini da cokalin gini. Ni adda na saya na ajiye.

Na daɗe ina zaman nan. Masu mota su zo su ɗebi samari, su dube ni da furfurata su wuce. Rannan wani dattijo ya sauko daga tsohuwar a-kori-kura, wani ke tuƙa shi. Idonsa ɗaya fari fat da yana, ɗayan ma ya fara. Bai dubi fuskar kowa ba. Hannuwa yake kamawa yana shafawa. Da ya zo kaina ya shafa tafina, ya ji kanta, ya ce, "Fallah?" wato manomi. Na ce, "Na'am." Ya ce in hau.

Sunansa Hajj Miftah.

Gonar bakin teku

Mota ta yi ta gangara daga kan dutse har muka iso wani fili kusa da garin Susa. Ni da babban ruwan da na sani shi ne Kubanni in ta cika, sai ga ruwa ya haɗe da sama. Na yi ta salati a bayan mota.

Amma daga cikin gonar ba a ganin tekun, jin sa kawai ake yi. Tsakanin gona da ruwa akwai wani surƙuƙin daji, dogo, ya bi gefen gonar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Bai fi tsayin mutum da rabi ba. Duk ya karkata ya ba teku baya, kamar mata sun sunkuya suna tsintar gyaɗa. Ganyensa ƙanana ne masu tauri, kore shar har ya yi duhu, biyu-biyu suna kallon juna a jikin reshe. Yana da 'ya'ya ƙanana, in sun nuna su yi baƙi.

Hajj Miftah shi kaɗai yake zaune. 'Ya'yansa suna Bengazi. Yana da tsofaffin itatuwan zaitun a bayan gida, amma ba su ya ɗauke ni in kula da su ba. A gaban gida, wajen teku, akwai layuka na ƙananan zaitun, ba su wuce ƙuguna ba. Ya kama hannuna ya kai ni wurinsu. Larabcina na allo ne, nasa na gida, sai muka haɗa da hannu. Abin da na gane shi ne, matarsa Hajja Salma ce ta yanko rassan daga tsohon zaitun na gidan ubanta, ta raine su a gwangwanayen tumatir, tana ba su ruwa da kofi. Ta dasa su da hannunta tana cikin ciwo. Ba ta ga sun yi shekara a ƙasa ba. Gwangwanayen suna nan jere a bayan kicin, sun yi tsatsa, bai bari an zubar ba.

Mutumin nan ya riƙe ni riƙon da ban zata ba. Na ji labarin yadda ake ba baƙaƙe abinci a bakin ƙofa. Shi a kwano ɗaya muke ci. Yana tuƙa wani abu da suke kira asida, ɗan'uwan tuwo ne, sai dai da zuma ake ci. Bayan la'asar ya dafa shayi mai kumfa, ya watsa soyayyiyar gyaɗa a ciki. Ranar farko da na ga gyaɗar nan na tuna Asabe tana ɓare ta a tsakar gida, rediyo na gefenta, sai na ajiye kofin. Ya lura. Ya ƙara mini gyaɗa.

Dajin nan kuwa tun ranar farko ya tsaya mini a rai. A gonar gwaji an koya mana gefen gona ya zama fes. A ƙauyenmu ma, in ka ga sabara da kalgo sun cinye bakin gona, ka san mai ita rago ne ko ba shi da lafiya. Sai na ɗauka tsufa da makanta ne suka hana Hajj sharewa, 'ya'yansa kuma sun tafi birni sun bar shi da kunya.

Na taɓa tambayarsa. Na nuna dajin na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Sahab."

"Ana ci?"

"A'a. Tsuntsaye ke ci."

"Ana matsar mai?"

Ya yi dariya. Ya tsinko ganyensa, ya tsinko na zaitun, ya haɗa su a tafina. Ya ce ɗan baffan zaitun ne, amma talakan dangi, ba ya ba da mai ko ɗigo.

A nan tambayata ta tsaya. Na tambayi ko ana ci, na tambayi ko ana matsa. Ban tambayi me yake yi a wurin ba.

Gab da azumi ɗansa Salim ya zo ya ɗauke shi zuwa Bengazi a cire masa yanar ido. Aka ce zai zauna can har bayan Salla. Da zai shiga mota ya nuna sama, ya ce ruwa ya kusa. A ƙasarsu da sanyi ake ruwan sama, ba kamar namu ba.

To, manomin Zazzau in aka ce masa ruwa ya kusa, abu ɗaya ya sani. Sassabe.

Na wasa addata. Na ce wannan bawan Allah zai dawo da sabon ido, bari ya buɗe shi a kan gona mai tsabta. Da azumi a bakina nake fita da sassafe in yi ta sara har rana ta take. Icen yana da tauri, ya ci mini hannu, ƙaya ta wasu tsirrai da ke cikinsa ta yayyage mini riga. Ina yi ina waƙa. Wallahi ban taɓa yin aiki da farin ciki irin wannan ba. Na tara rassan suka sha iska, na cinna musu wuta kamar yadda muke yi. Kututturan ne kawai ban tone ba, don a wurinmu ba a tone kututturen sabara, sara ake yi a bar shi.

Da na gama na tsaya a ƙofar gida. Ga teku shimfiɗe, shuɗi, babu abin da ya tare shi. Na ce a raina, Tanimu, yau ka biya alheri.

Bayan Salla suka dawo. Hajj ya sauko da baƙin tabarau. Na tare shi da murna, na riƙe masa jaka. Ya cire tabarau a hankali, ya juya wajen teku. Ya daɗe a tsaye. Ina jiran ya ce madalla.

Ya ce, "A gidan nan aka haife ni. Ban taɓa ganin teku daga ƙofar nan ba."

Na yi murmushi, don na zaci yabo ne.

Salim ne ya fara ihu. Ya yi kaina yana zagi, yana nuna toka, yana nuna ƙananan zaitun. Na ji kalmar 'yan sanda a ciki. Uban ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya taka zuwa layin farko, ya durƙusa, ya shafa ganyen ɗaya daga cikinsu kamar mai shafa kan jariri. Sannan ya shiga ɗaki ya rufe.

Ban gane girman abin ba sai da iska ta zo. Wata safiya sama ta yi baƙi daga wajen teku, ruwan ya tashi yana dukan duwatsu, iska ta shigo gonar kai tsaye. Na lashi leɓena na ji gishiri. Yini guda tana bugawa. Ƙananan zaitun suka kwanta suka tashi, suka kwanta suka tashi. Bayan 'yan kwanaki sai ganyen da ke fuskantar teku ya fara ƙonewa daga baki, ya yi ja, ya murɗe, kamar an bi shi da bakin wuta. Ashe dajin da na sare shi ne garkuwar gonar. Shi ke shanye gishiri da ƙarfin iska tun zamanin uban Hajj. Hajja Salma ta dasa 'ya'yanta a wurin ne don ta san yana tsaye a bayansu.

Hajj bai kore ni ba, bai zage ni ba. Abinci yana zuwa, amma yanzu a kwanona daban. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Baida na sami Ishaya. Na ba shi labari. Ya ajiye abin walda ya riƙe kai.

"Kai, Malam Tanimu! Wa ya aike ka? Mutum ya ce ka ba shuka ruwa, ka je ka yi masa aski?"

"Na zaci taimako ne."

"Wahala dey o. Ba ka da takarda, ɗansa ya ambaci 'yan sanda. Kada ka koma. Ka kwana nan, gobe in sa a kai ka Tubruk, akwai 'yan Kafanchan a can da na sani."

Na ce bari in yi tunani. Na shiga shagon waya na buga lambar Maman Blessing, mai lema da teburin waya a bakin layinmu. Ta aika aka kira Asabe. Ina jin ƙarar 'yan acaba da mai tallan rake ta cikin wayar. Na gaya mata komai a gurguje.

Ta ce, "Malam, matar ta rasu ka ce?"

"Ta rasu."

"Kuma ita ta dasa?"

"Ita."

"To ina za ka? Ka cire wa mutum danga, sai ka tsaya ka mayar. Da zogalen da na shuka a bayan ɗaki ne wani ya sa awaki suka cinye bayan raina, ya gudu, za ka yafe masa?"

Na ce, "Ke dai ba kya raga mini ko a waya."

Ta ce, "Ka ci abinci dai? Muryarka ta rame."

Na koma gonar a ranar.

Akwai wani kwari kusa da mu mai cike da dogayen kara irin na bakin rafi. Na shiga yanka, ina ɗaukowa a ka. Saƙar zana tun ina yaro na iya, wurin kakana. Na zauna na saƙa ta da kyau, matsattsiya, irin wadda ko ido ba ya ratsawa, irin wadda ake kewaye gidan mai mata da ita. Na kafa dirkoki na ɗaure ta a gaban layin farko. Hajj yana kallona daga ƙofa.

Iska ta biyu da ta zo ta ɗauke zanar nan gaba ɗaya, ta maka ta a kan shukokin, ta karya biyu. Na tsaya a cikin ruwan sama ina duban ɓarna a kan ɓarna. Na zauna a ƙasa. Ina jin kunyar faɗa, amma kuka na yi, da furfurata.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Hajj ne, da bargo a kansa. Ya ɗaga gefen zanar ya gwada cusa yatsa, ya ƙi shiga. Ya girgiza kai. Ya haɗe yatsunsa a gaban bakinsa ya hura, ya nuna yadda hannun ke ja da baya. Sannan ya ware yatsun ya sake hurawa.

Ya ce, "Sahab ba ya faɗa da iska, ya Tanimu. Tace ta yake yi. Ya bar ta ta wuce, ya riƙe gishirin."

Ita ce magana ta farko da ya yi mini tun ranar da ya dawo. Na tuna rariyar Asabe. Na kwance zanar nan duka, na sake saƙa ta sako-sako, yadda in da a gida ne za a yi mini dariya a ce ana hango matana daga titi.

Juma'ar da ta biyo sai ga Ishaya a motar maigidansa, da guntayen rodi da waya a baya.

Ya ce, "Na zo in ga wanzamin daji. Ina askin?"

Ya dubi filin, ya dubi shukokin, wasa ya fita daga bakinsa. Ya cire riga ya kama aiki. Muka kafa rodi maimakon ice, muka ɗaure zana layi biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Da la'asar Hajj ya fito da shayi kofi uku. Ya tambayi Ishaya sunansa, ya ji, ya gane ba Musulmi ba ne, ya ce sunan annabi ne ai, ya ƙara masa gyaɗa. A daren farko bayan nan abinci ya dawo kwano ɗaya.

Zana ta tsaya. Amma ba ta kai sahab ba, gishiri yana ratsowa. Don haka duk ranar da iska ta lafa, sai mu fita da ruwan rijiya mu wanke ganye. Ni da bokiti, shi da buta. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana zuba ruwa yana murza ganyen da yatsa biyu, a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya alwala. Wani lokaci in ji yana magana ƙasa-ƙasa. Ba da ni yake ba, sai in matsa gaba in ba shi wuri.

Layin farko, na bakin teku, bai tsira ba. Duk ya bushe. Sauran suka zubar da rabin ganye, suka tsaya tsirara-tsirara, amma in ka kankare ɓawo da farce sai ka ga kore.

Da sanyi ya wuce, wata safiya na je duba ɗaurin zana, sai na ga wani abu ja-ja a gindin baƙin kututture. Tofo ne. Na duba na gaba, shi ma haka. Na bi layin ina gudu kamar yaro, na dawo ina kiran Hajj. Na ce masa irin sabararmu ne, in an sare ta dawowa take yi. Ya zo ya durƙusa ya duba da sabon idonsa.

Ya ce, "Na san zai dawo. Ni ne ban san ko zan kai ba."

Na yi niyyar shekara ɗaya zan yi a Libiya. Ishaya ya cika tasa ya ƙara kaɗan, ya zo ya ce mu tafi. Na ce ya gaida gida. Sahab ba ya sauri, kuma awakin maƙwabta sun gano tofon, dole sai da mai tsaro. Zana kuma kowace shekara sai an sake ta, gishiri na cinye ta. Na ƙara sanyi biyu a wurin. An yi bikin 'yata Hajara ba na nan, ƙanena ya tsaya. A waya na yi mata nasiha, Maman Blessing tana gefe tana cewa a yi sauri akwai masu jira. Wannan yana cikin abin da addata ta sare, ban sani ba lokacin da nake waƙa. Shi ya sa in saurayi ya zo mini da zancen tafiya, roƙona ɗaya ne: abin da ka tarar a tsaye a ƙasar mutane, ko bai yi maka kama da komai ba, tambayi me yake yi a wurin kafin ka ɗaga hannu.

A kaka ta ƙarshe sahab ya kawo mini ƙirji, ya fara sunkuyawa yana ba teku baya kamar iyayensa. Daga ƙofar gida sai ka yi ɗage kafin ka hango ruwa. A shekarar ne zaitun ɗin Hajja Salma suka fara 'ya'ya, 'yan kaɗan, duk gonar ba su cika ƙwarya ba. Hajj ya tsince su da kansa, bai bar ni na taɓa ba. Ya fasa kowanne da dutse, ya jiƙa, yana sauya ruwa, sannan ya zuba su a gishiri da lemun tsami. Ya raba kwalba biyu daidai.

Ranar da zan tafi ya kai ni layin farko, inda ramuka suke babu komai. Ya riga ya yanko rassa daga waɗanda suka tsira, ya raine su a gwangwanayen nan masu tsatsa. Ya ce ni zan dasa. Na dasa, yana riƙe da buta. Da muka gama ya miƙo mini kwalba ɗaya.

Ya ce, "Ba taka ba ce. Ta matar da ta ce ka dawo ce."

Ashe Ishaya ya gaya masa.

Samaru

Na sauka a Kwangila da rana tsaka, na hau acaba zuwa Hayin Dogo da kwalbar a cikin riga, yadda na riƙe ta tun daga Susa. Gida ya cika. Hajara ta zo da ciki. Ishaya ya zo daga Dogarawa yana ba mutane labarin wanzamin daji, ana dariya, ni ma ina yi.

Sai da aka watse bayan la'asar na fito da kwalbar na ba Asabe. Ta juya ta a hannu, ta buɗe, ta sunsuna. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya.

"Malam! Wannan abin ka zauna gadi har aka aurar da 'yarka? Ai ɗaci ne da gishiri."

Na ce, "Haka suke cin sa."

Ta tauna a hankali, ta fitar da ƙwallon ta riƙe a tafinta, ba ta yar ba. Ta dubi cikin kwalbar.

"Iya abin da suka yi ke nan?"

"Rabi ne. Rabin yana wurinsa."

Ta sake sa hannu ta ɗauki ɗaya.

"Yaya sunanta ma?"

"Salma."

Ta ce, "Allah ya jiƙan Salma," ta sa a baki.